Gonar Kaka Quintino da Giyar Douro

Régua, Portugal
2 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Kaka Quintino,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka ta hagu da ba ta jin magana. Ina gaida mutanen ƙauyenmu Chã gaba ɗaya, da Fada limamin coci, da maƙwabcinka Serafim da iyalinsa. Ni lafiyata ƙalau, sai zumuɗi da ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ka duba saman takardar nan, za ka ga ba daga Porto nake rubuto maka ba. Dona Hermínia, tsohuwar da nake jinya yau shekara shida, ita ta tayar da mu. Likita ya gaya mata zuciyarta ta gaji, ta rage zirga-zirga. Muna dawowa gida ta ce in haɗa kaya, tana so ta ga kwarin Douro inda aka haife ta tun idonta na gani. Ɗanta ya bugo waya daga Lisbon yana faɗa, wai ni zan ɗauki alhaki in wani abu ya same ta. Ta karɓe wayar daga hannuna, ta ce masa shekarunta tamanin da shida, ba ta taɓa neman izininsa ba, kuma ba yau za ta fara ba. Washegari muka hau jirgin ƙasa, ni da ita da keken da nake tura ta a kai.

Kaka, da ma ka ga gonakin nan. Jirgin yana bin bakin kogi, duwatsu dama da hagu an yanka su hawa-hawa kamar matakala, ko'ina inabi har iyakar ganin ido. Na tuna ramukanka a cikin baƙar toka, kowace kuringar inabi kwance a nata ramin kamar kaza a kan ƙwai, sai dariya da kewar gida suka zo mini lokaci guda.

Jiya muka shiga gona ta farko. Aka zaunar da mu a inuwa tare da wasu baƙi, mai gonar da kansa yana zuba wa kowa giya. Likita ya hana Dona sha, iyakarta ta jiƙa leɓe. Saboda haka ta turo mini kofinta ta ce, "Sha ki gaya mini. Kuma kada ki yi mini ƙarya don ki faranta wa mutane."

Ta farko babu laifi. Ta biyu akwai garɗi, da ɗan baurin nan mai kama harshe da kake so. Ta uku kuwa ina kai ta hanci na ji warin jiƙaƙƙen buhu. Ga baƙi sai gyaɗa kai suke suna yabo. Na sunkuya na raɗa wa Dona, na manta kunnenta ya yi nauyi, muryarta kuma ba ta san raɗa ba. Ta dubi mai gonar ta ce, "Yarinyata ta ce giyarka tana warin buhu." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mutumin ya ɓata rai, ya aika a kira mai kula da gangunansa. Sai ga wani gajeren tsoho mai suna Baltazar, hannuwansa sun rine da ruwan inabi. Ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar, ya juya ya nufi wurin gangunan. Can ya dawo ya gaya wa maigidansa a gaban kowa cewa ganga ɗaya ta yi fumfuna a ciki, kuma daga ita aka ɗebo wannan. Sannan ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wani tsoho ne a cikin bakin dutse mai aman wuta, a tsibirin Fogo, ƙanen kakata, wanda yake ɗiga mini giyar gida a harshe tun ina shekara bakwai, yana tambayata daga wane ɓangaren gona ta fito. Ya ce a gaishe ka. To na isar, kada kanka ya kumbura.

Gonaki tara Dona ta rubuta a takardarta, saura takwas. Ka rubuto mini a adireshin masaukin nan. Yaya girbin bana?

Jikarka,
Idalina


Chã, Fogo
21 ga Satumba, 1998

Idalina jikata,

Takardarki ta iso ranar Juma'a, direban motar São Filipe ya kawo ta tare da buhun gishiri. Lafiyata lau. Gwiwa tana nan da halinta, mun saba da juna. Ruwa ya sauka sau biyu, wake ya fito. Kowa yana amsa gaisuwarki.

Labarin buhun nan sau uku na karanta shi, sannan na karanta wa mutane a ƙofar coci. Kaina ya kumbura, kuma ba zan nemi gafara ba. Amma kada matakalar Turawa ta ruɗe ki. Na taɓa ganin hotonta a kalanda, sun ɗaure inabi a jikin waya kamar shanyar wanki. Kuringar da ba ta taɓa kwanciya a toka ba, me ta sani?

Girbi ya yi albarka. Mun gama tsinka a watan Yuli, ganga huɗu na cika. Yanzu dai tana da daɗi, amma kin san halinta. Kafin Kirsimeti rabi ya yi tsami, mu sha muna yamutsa fuska muna cewa haka kakanni suka sha.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Shekaruna saba'in da tara. Tun da wutar dutse ta cinye gonar gangare shekara uku da suka wuce, gonar tudu kaɗai ta rage mini, hawanta kuma ya fara fin ƙarfina. 'Ya'yana biyu da ke Amurka sun gaya mini gaskiya, ba za su dawo su yi noma ba, ban kuma ga laifinsu ba. Serafim ya zo sau biyu yana neman in bar masa gonar ya riƙe. Mutumin kirki ne, ga 'ya'ya maza uku majiya ƙarfi. Na ce masa ya dakata, akwai wadda ta taɓa ce mini in ta gama da ƙasar Turawa za ta dawo ta karɓi almakashina na datse rassa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kika faɗi haka a bakin jirgin ruwa. Ban riƙe ki da ita ba, maganar matafiyi ce. Amma ina so in ji daga bakinki kafin farkon Nuwamba, don wanda zai datse rassa a Janairu ya kamata ya san itatuwansa tun yanzu.

Ki ci gaba da sha a madadin tsohuwar, amma ki riƙa tofarwa.

Kakanki,
Quintino


Pinhão
26 ga Satumba, 1998

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gaida kowa. Da fatan ruwa ya sauka. Har yanzu ban ga amsarka ba, wataƙila tana can Régua tana jirana, don mun matso sama da kogi kwana goma da suka wuce. Dona lafiyarta ƙalau, ta fi yadda take a Porto. Abincin da nake fama da ita ta ci, yanzu ita ke neman ƙari.

Gonaki bakwai muka shiga, kowace da nata hali. Ta gefen da rana ke duka tun safe giyarta nauyi gare ta, tana cika baki kamar busasshen ɓaure. Ta can ƙololuwa inda iska ke kaɗawa kuwa siririya ce, da ɗan yami mai wartsake mutum. Tsakaninsu bai fi tafiyar rabin awa ba. Ashe abin da kake gaya mini a kan gonar tudu da ta gangare ba surutun tsufa ba ne.

A gona ta biyar aka fito mana da wata mai zaƙi da ta shekara arba'in a ganga, launinta kamar zuma. Na riƙe ta a baki na kasa tofarwa. Dona ta lura, ta ce in ba ta. Na tuna mata maganar likita, ta ce likitan bai kai shekarun giyar ba. Cokali ɗaya ta sha, ta lumshe ido.

Amma babban abin a gona ta shida ya faru. Mahaifin Dona maƙerin ganguna ne, kuma ta sha gaya mini yana ƙona alamar ɗan kifi a bakin kowace gangar da ya haɗa. Duk rumbun ajiye giya da muka shiga sai ta sa in tura ta layi-layi tana dubawa, har na fara jin kunyar masu wurin. Ranar Alhamis, a can ƙurya, sai ta ce in tsaya. Wata ƙatuwar ganga ce da ta yi baƙi don tsufa, ga ɗan kifin nan a jikinta, kuma har yau da giya a ciki. Ta ɗora kumatunta a kan katakon, ta daɗe a haka. Ma'aikatan suka cire huluna. Da ta ɗago sai ta ce, "Ko ɗigo ba ta yoyo. Haka yake aikinsa."

Da la'asar ɗin ranar aka yi tattakar inabi. Irin namu ne, sai dai nasu kwamin dutse ne mai faɗin ɗaki, mutum ashirin a jere sun rungumi kafaɗun juna, ɗaya yana kiran hagu, dama. Ban san lokacin da na tattare siket na faɗa ciki ba. Ruwan ya kai mini cinya, ga sanyi, ga 'ya'yan inabi suna fashewa a tsakanin yatsu. Dona ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba, aka kawo mata kwano cike da inabi, na cire mata takalma ta tattaka daga kan kekenta, ana yi mata tafi.

Yanzu ka gyara zama, ga babban labari. Ka tuna Baltazar na gonar farko? Ranar Lahadi bayan coci sai ga shi a masaukinmu, ya sa kwat, ya taje gashi, hula a hannu. Jirgin ƙasa ya hau takanas don ya same ni. Ya zauna a bakin kujera yana ta juya hular, da ƙyar maganar ta fito. Ya ce shekara arba'in yana neman irina bai samu ba, kuma ya san shi ba yaro ba ne, ba shi da lokacin jan magana. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Dona ta ce in na ƙi to ni wawuya ce, irin wannan ba ya zuwa wa mace sau biyu. Ranar Talata na ce masa na amince. Ba zan koma Porto ba, Kaka. Zan zauna a gidansa


Chã, Fogo
18 ga Oktoba, 1998

Idalina,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ruwa ya ɗauke, wake ya yi fure.

Takardarki ta iso. A kan "zan zauna a gidansa" ta tsaya, babu sallama, babu sa hannu. Na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan, sannan na ce wa kaina ai amarya ba ta da lokacin sallama.

Allah ya sanya alheri. Shekarunki talatin da takwas, kin yi wa mutane wahala a ƙasar da ba taki ba, lokaci ya yi da za ki sami naki gidan. Mutumin da zai amsa a gaban maigidansa cewa gangarsa ta lalace ba zai yi miki ƙarya ba. Kin dai ce tsoho ne kuma gajere. Gajartar ba komai, tsufan ne ban san inda ya kai ba, amma ke kika gan shi.

Tambayar da na yi miki a takardata ta baya, ki bar ta. Kin amsa tun kafin ta same ki. Ranar Lahadin da ta wuce bayan an tashi daga coci na kira Serafim a gaban Fada da dattawa biyu, na ba shi gonar tudu ya riƙe shekara goma. Mun yi musabaha. Na haɗa masa da almakashin, don ba shi da amfani a rataye.

Na kuma sanar da mutane aurenki. Ban ga dalilin da za a yi biki a Douro a bar Chã da yunwa ba, saboda haka na yanka bunsuru, na buɗe ganga ɗaya. Mata sun yi rawa har ƙura ta tashi, ni ma na taka da ƙafa ɗaya. Marcelina matar Serafim ta ce a turo hoton ango.

Ban sake hawa tudun ba tun ranar. Ba don komai ba, gwiwa ce.

Ki gaida mijinki.

Quintino


Pinhão
6 ga Nuwamba, 1998

Kakana,

Ina gaishe ka, amma yau gaisuwar gajera ce.

Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, ranar da na zo duba Dona a nan Pinhão, ta farkon ta yi wata guda tana kwance a masaukin Régua. Ina karanta ta biyun na fashe da dariya har Dona ta zaci taɓuwa na yi. Da na kai kan maganar gonar tudu sai dariyar ta tsaya.

Kaka, ban yi aure ba. Baltazar shekarunsa saba'in da ɗaya, yana da matarsa Celeste, shekararsu arba'in da biyar tare, jikokinsu tara. A ɗakin 'yarsu da ta yi aure nake kwana. Da na karanta musu takardarka, Celeste ta share hawayen dariya ta ce in ina so in ɗauke shi, za ta haɗa mini da maganin tarinsa.

Waccan wasiƙar shafi biyu ce. Yau na dawo wurin Dona muka birkice ɗakinta muna nema, sai ga shafi na biyu a cikin littafin addu'ar Dona. Ashe lokacin da na fita sayen kan sarki ta ɗauke shi ta sa alamar inda ta tsaya. Ga shi nan na haɗo maka, ka karanta da idonka. Abin da Baltazar ya roƙe ni shi ne in zauna in koyi aikin rumbu a hannunsa har sabuwar giya ta kwanta, don babu wanda zai bar wa abin da ya sani. Na amince da sharaɗi ɗaya, cewa a Disamba zan koma Fogo gaba ɗaya, don akwai gonar da ke jirana. Haka na rubuta a shafin da bai zo maka ba. Dona ma ta ƙi komawa Porto, ta zauna nan wurin 'yar ƙanwarta, ta sallame ni da bakinta.

Kuma na gano abin da ke sa giyarmu tsami. Iska ce. Kana buɗe ganga kana ɗiba kullum, wurin da ya rage iska ta cika shi, ita ke lalata sauran. A nan ba sa barin ganga da ko tafin hannu na sarari. Suna wanke ta da tafasasshen ruwa, su ƙona farar wuta a ciki kafin su zuba, in giya ta kwanta kuma su juye ta su bar lakar a gindi. Shi ke nan fa. Shekara da shekaru muna ɗora wa kakanni laifi. Tun yau ka haɗe ragowar gangunanka su cika har baki, ka toshe.

Maganar Serafim kuwa, kada ka je ka karɓe. Ka ba shi hannu a gaban mutane, ba zan so a ce saboda ni ka tashi maganarka ba. Laifina ne. Shekara goma sha ɗaya ina rubuto maka labarin sanyi da farashin kifi, ban taɓa maimaita maka alkawarin ba, na ɗauka ka sani.

Jirgina zai iso São Filipe ranar ashirin ga Disamba, da gona ko babu gona. Ka dai gaya mini, akwai ko taku goma na toka da ya rage mana?

Jikarka da ba ta da miji,
Idalina


Chã, Fogo
27 ga Nuwamba, 1998

Idalina jikata,

Ina gaishe ki da kyau, ki gaida Dona Hermínia, ki ce mata ta nemi tsinke ta riƙa sa alama da shi. Ki gaida Baltazar da matarsa, ki ba shi haƙuri, na sa an sha giyar aurensa a tsibirin da bai taɓa takawa ba. Lafiyata lau. Tun da takardarki ta zo gwiwar ma ta yi sauƙi, abin da ya nuna munafuka ce.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Na ga wasiƙa babu ƙarshe, da na jira mako uku na tambaya da komai ya fito. Ban jira ba, don na daɗe ina shirya wa kaina jin cewa ba za ki zo ba, da na ga abin da ya yi kama da haka sai na yi saurin karɓa.

Ban bi maganarki duka ba, na je wurin Serafim, amma ba don in karɓe ba. Na karanta masa takardar ne kawai. Ya saurara har ƙarshe, ya shiga ɗaki ya fito da almakashin ya ajiye a gabana, ya ce gonar ma ga ta nan. Na ce a'a. 'Ya'yansa sun riga sun gyara katangar da ta zube, sun kwashe duwatsu, ba zan sa guminsu ya tafi a banza ba. Muka yi ta ja har Marcelina ta gaji da mu. Ta ce, "Ku tsofaffin nan ba ku ji abin da yarinyar ta rubuta ba? Inabi muna da shi. Wanda zai hana shi zama tsami ne babu." A nan muka tsaya: su za su yi noman, duk abin da aka tsinka a tudu kuma a gidana za a matse shi, a hannunki.

Marcelina ba ta iya riƙe magana ba. Kafin kwana uku labarin iska da farar wuta ya zaga Chã. Yanzu haka ganguna goma sha uku ne a tsakar gidana, na gida bakwai, kowa ya mirgino tasa ya ce a ajiye wa Idalina ta duba. Da ƙyar nake samun hanyar zuwa madafa. Nawa na haɗe su kamar yadda kika ce, biyu sun cika har baki.

Tokar da kika tambaya akwai. Filin bayan gida ne, wanda ba a taɓa dasa komai a cikinsa ba. Ya fi taku goma, bai kai ɗari ba. Na fara haƙa ramuka, biyu a rana, jiya na yi na shida. Serafim zai ba mu rassa a Janairu.

Mutane sun ce in gaya miki bunsurun da aka ci na aure ne, na maraba daban, kada in yi musu wayo.

Zan sauko São Filipe tun ranar sha tara. Kada ki tsaya a babban birni Praia gaishe-gaishen dangi, za su riƙe ki har sabuwar shekara. Na share ɗakin kakarki, na sa sabuwar katifa, na kori akuyar da ta shekara uku tana kwana a ciki. Har yanzu kowace safiya tana tsaye a bakin ƙofar tana hararata. Ki zo da wuri ki yi mata bayani da kanki.

Kakanki,
Quintino